BABI NA UKU: MA'AIKATAN BAITULMALI DA WURIN AIKINSU A ƘASAR ZURU, DAGA ZAMANIN EN'E ZUWA SAKATARIYAR RIBAH

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Zuru da al'ummominta da kuma masarautunta guda biyar, wato Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. A wannan babi kuwa za a duba tarihin ma'aikatan da ke riƙe da kuɗin hukuma, da irin wurin da suke gudanar da aikinsu, tun daga kafuwar baitulmalin En'e har zuwa yau da garin Ribah yake hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu. Abin da babin zai nuna shi ne, raba aikin kuɗi tsakanin ofis da wajen ofis ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. An daɗe ana yin sa. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne inda kuɗin ke fitowa, kuma wannan ne ya riƙa ƙayyade yawan ma'aikata da inda suke wuni.

3.1 Kafuwar Baitulmalin En'e

Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Arewa a farkon ƙarni na 20, Gwamna Lugga ya fito da dokar haraji ta shekarar 1906, wadda ta tattara kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa a da ta mayar da su haraji da jangali. Da farko sarakuna da hakimai sukan ɗebi kasonsu ne daga abin da aka tara. A Katsina ne, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Bature H. R. Palmer ya gwada zuba kason sarauta a asusu ɗaya, a riƙa biyan kowa albashi daga ciki. Zuwa shekarar 1911 an amince da wannan tsari na baitulmali a lardunan Arewa, inda En'e ke riƙe rabin haraji, rabi kuma ya tafi ga gwamnati.

Wannan sauyi ne ya haifar da ma'aikacin kuɗi irin wanda aka sani a yau. Da zarar an ce albashi, to, sai an sami mai rubuta sunaye, da mai ƙirga kuɗi, da mai ajiye littafi, da ɗakin da za a kulle kuɗin. Saboda haka aka sami Ma'aji da malamansa, aka kuma gina ofis mai ɗakin ajiya da akwatin ƙarfe. A ƙasar Zuru lamarin ya ɗan bambanta da na manyan masarautu irin su Kano ko Sakkwato, domin a nan ba sarki ɗaya ba ne ya daɗe da mallakar ƙasa duka. Turawa sun haɗa masarautun nan biyar ne a ƙarƙashin En'e ta tarayya mai hedikwata a Zuru, don haka baitulmalin ma ya zauna a can. Garuruwa irin su Ribah da Bena da Wasagu sun kasance wuraren da ake tara kuɗi a aika, ba wuraren da ake ajiye littafin lissafi ba.

3.2 Aiki Tsakanin Ofis da Rangadi

Idan aka lura da yadda ake tara haraji a zamanin En'e za a ga cewa kaso mai yawa na aikin ba a kan tebur ake yin sa ba. Kafin a yanka haraji sai an yi ƙidaya. Malamin haraji yakan bi hakimi ko dagaci ƙauye-ƙauye yana rubuta sunayen magidanta da baligai. Da damina malamin jangali yakan shiga rugage yana ƙirga shanu, saboda a lokacin ne Fulani suka fi zama wuri ɗaya. Bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da amfanin gona, sai a fita karɓar haraji. Malamin kasuwa kuwa ofishinsa shi ne bakin kasuwa ranar da take ci. Shi kansa Di'o yakan shafe kwanaki yana rangadi, yana sauka a gidajen baƙi, yana duba littattafan hakimai.

Ke nan ma'aikatan kuɗi sun kasu gida biyu: 'yan kaɗan da ke zaune a baitulmali, da masu yawa da ke yawo. Abin da ya ɗaure ɓangarorin biyu shi ne rasit. Kowane littafin rasit yana da lamba, kowane shafi yana da kwafinsa. Wanda ya karɓi littafi sai ya sa hannu, idan ya dawo kuma dole kuɗin da ya kawo su yi daidai da kwafin da ya rage a littafin. Ba a tambayar malami inda ya kwana. Ana tambayarsa ne ina rasit, ina kuɗi. Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da aibu. An sha kukan zalunci wajen karɓar haraji da jangali a duk faɗin Arewa, an kuma sha tuɓe masu sarauta saboda cin kuɗin haraji. Sai dai ita kanta tuɓewar tana nuna cewa akwai ma'aunin da ake kama mai laifi da shi.

Matsalar wancan zamani ita ce ƙarancin masu ilimin boko. Domin magance ta ne aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya a shekarar 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a 1954. Ma'aikatan En'e daga larduna daban-daban sun riƙa zuwa can koyon lissafin baitulmali.

3.3 Gyaran 1976 da Yawaitar Ma'aikata

Shekarun 1970 sun zo da sauye-sauye masu yawa a jere. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wanda ya sa dole aka sake fasalin littattafan lissafi. A 1974 Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta, aka ƙara albashi, aka kuma shigo da matakan albashi daga 01 zuwa 17. A 1976 aka raba Jihar Arewa maso Yamma, ƙasar Zuru ta faɗa cikin Jihar Sakkwato. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta yi gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya kawo tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, ya kuma sa baitulmalin da aka gada daga En'e ya zama sashen kuɗi na ƙaramar hukuma.

Babban abin da gyaran ya kawo shi ne kason kuɗi daga gwamnatin tarayya. A farkon shekarun 1980 kason ƙananan hukumomi ya kasance kashi 10 cikin 100, ya hau zuwa 15 a 1990, sannan 20 a 1992. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma tun daga nan waɗannan hanyoyi ba su sake zama ginshiƙin kuɗin hukuma a Arewa kamar da ba. Bisa ga haka, akalar aikin ma'aikacin kuɗi ta juya. Wanda a da yake fita neman kuɗi a ƙauye, yanzu ya zauna yana jiran kason wata. Rangadi ya ja baya, aikin bauca da jadawalin albashi ya cika ofis.

Daɗin daɗawa, an yi ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi. Daga kimanin 300 a 1976, adadinsu ya kai 589 a 1991, sannan 774 a 1996. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka kafa Jihar Kebbi mai hedikwata a Birnin Kebbi. A sakamakon irin wannan rabe-rabe, ƙasar Zuru da a da take da baitulmali ɗaya ta wayi gari da huɗu: Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu. Kowanne yana buƙatar ma'aji da akanta da kashiya da jami'in tara kuɗin shiga da mai binciken kuɗi na cikin gida, kuma kowannensu yana buƙatar tebur da kujera da kabad na fayil.

3.4 Ribah a Matsayin Hedikwata

Zaman Ribah hedikwata ya kawo littafin lissafi kusa da mutanen da a da sai sun je Zuru. Amma ƙasar da sakatariyar ke kula da ita tana da faɗi ƙwarai, kimanin murabba'in kilomita 4,000, da mutane sama da 260,000 a ƙidayar 2006, tana kuma iyaka da jihohin Zamfara da Neja. Haka kuma akwai abubuwa biyu da suka hana aikin kuɗi tsayawa a Ribah kaɗai. Na farko, manyan ma'aikata daga mataki na 07 zuwa sama suna ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, wadda ke iya yi musu canjin wurin aiki a kowane lokaci. Na biyu, sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya sa aka daɗe ana yanke muhimman shawarwarin kuɗi a babban birnin jiha. Wato dai ma'aji ya sake zama matafiyi, sai dai a wannan karo fuskarsa tana kallon birni ne, ba ƙauye ba. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

3.5 Zamanin Kwamfuta da Aiki Daga Gida

A matakin tarayya, an fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na IPPIS a 2007, aka kuma tilasta asusun bai-ɗaya a 2015. Waɗannan sun rage ɗaukar kuɗi a hannu, sun kuma nuna cewa ana iya yin wani ɓangare na aikin baitulmali ba tare da an taɓa takarda ba. Da annobar korona ta ɓarke a watan Maris na 2020, gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida. A Disamba 2021 Jihar Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a mako. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku saboda tsadar mota. A Ingila ma, baitulmalin ƙasar ya sanar a 2021 cewa zai kai wasu ma'aikatansa garin Darlington, sannan a ƙarshen 2023 aka buƙaci ma'aikatan gwamnati su riƙa yin kashi 60 cikin 100 na lokacin aikinsu a ofis.

Idan aka kawo wannan mahawara Ribah, sai a tarar da sharuɗɗa uku: wutar lantarki, da layin sadarwa mai ƙarfi, da tsaro. Na ukun ne ya fi nauyi. A watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutane 88 a harin da 'yan bindiga suka kai wasu ƙauyukan Danko/Wasagu. A irin wannan hali, jami'in da ya kamata ya bi kasuwannin ƙauye yana yanka rasit shi ne na farko da aikinsa ke tsayawa, kuma shi ne wanda aikinsa ba ya yiwuwa daga gida. Akanta yana iya haɗa lissafi a ɗakinsa idan da kwamfuta, amma kuɗin kasuwa da na kara sai an je inda ake ciniki.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa wurin aikin ma'aikacin kuɗi ya riƙa bin inda kuɗi ke fitowa. Lokacin da haraji da jangali ke ɗauke da hukuma, ma'aikata kaɗan ne a ofis, mafi yawa suna rangadi. Da kason tarayya ya maye gurbinsu, sai ofisoshi suka yawaita, ma'aikata suka taru a cikinsu. Darasin da zamanin En'e ya bari shi ne, ana iya barin ma'aikaci ya yi aiki nesa da ofis muddin akwai shaidar da za a auna aikinsa da ita, ko rasit ne ko bayanin kwamfuta. Inda babu wannan shaida, cika ofis da mutane ba zai tsare dukiyar jama'a ba. A babi na gaba za a duba hanyoyin samun kuɗin shiga na cikin gida a wannan ƙaramar hukuma.