Waiwaye adon tafiya: mu da dajin Lekki a shekarar korona



Wanda ya bi babban titin Lekki zuwa Epe, kafin ya kai Ajah, zai ga wani daji kore shar daidai wajen Chevron, manyan gidaje sun sa shi a tsakiya. Shi ne Lekki Conservation Centre. Gidauniyar kare muhalli ta NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya jagoranci kafa ta a 1980, ita ta buɗe shi a 1990 da tallafin kamfanin Chevron. Faɗinsa hekta 78 ne. A cikinsa akwai birai, kadoji, kunkuru, tsuntsaye iri-iri, da gadar sama mai tsawon mita 401 da aka buɗe a 2015. Dattawanmu da suka zo gadi tun ana aza tubalin farko a Lekki sun ce dā duk yankin haka yake, fadama da kurmi. An cike fadamar da yashi an yi gine-gine, wannan na daga cikin ɗan abin da ya rage.

Da yawanmu maƙwabtan dajin nan ne. Wasu na gadi a gidajen da ke kewaye da shi, wasu na sayar wa masu zuwa yawon buɗe ido ayaba, abarba da gyaɗa a bakin titi, wasu kuma acaɓa suke yi.

Shekarar 2020 ta zo mana da duka biyu. Ranar 1 ga Fabrairu gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Eti-Osa inda muke. Ranar 27 ga watan aka samu mutum na farko mai ɗauke da korona a Nijeriya, a nan Legas. Daren 30 ga Maris dokar kulle da Shugaba Buhari ya sa wa Legas, Ogun da Abuja ta fara aiki, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ciniki ya tsaya cak. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, masallatai a rufe, ga labarin rasuwar dattawa na ta zuwa daga Kano, ga hanyar gida a toshe.

Masu gadinmu ba su manta shirun kwanakin nan ba. Titin da ba ya barci ya koma tamkar an yi shara. Da asuba kukan tsuntsaye kawai kake ji, da hayaniyar birai a kan itatuwa. Wani ya ce shekararsa goma a wurin, sai a lokacin ya san yana zaune kusa da daji.

Amma yunwa ba ta san wannan ba. Kuɗin kalanzir ya gagara, sai idon wasu matasanmu ya koma kan itacen dajin da dabbobinsa. Wata safiya wani dattijo mai gadi ya tare yara biyu namu da adda da wayar ɗana tarko, sun nufi gefen kurmin.

"Ina zuwa, samari?"

"Baba, ka yi haƙuri, kwananmu biyu ba mu ɗora tukunya ba."

"Ku ajiye addar ku biyo ni, akwai garin kwaki a ɗakina. In aka kama ku, ba sunanku za a kira ba, cewa za a yi Hausawa sun shiga daji."

Ranar ya kira shugabanninmu a waya. Taro ba ya yiwuwa, don haka a WhatsApp aka yanke shawara biyu. Ta farko, a nemi 'yan'uwanmu na kasuwar Mile 12 su taimaka, tunda an bar kayan abinci suna shigowa. Allah ya saka musu, shinkafa, wake da albasa suka zo, aka raba ɗaki-ɗaki. Ta biyu, matasan da ke zaune ba aiki su fito aikin gayya.

Da aka sassauta kulle, sai suka riƙa fita biyar-biyar, kowa da takunkumi a fuska, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi ga mai azumi. Ba cikin gandun suka shiga ba, ba mu da hurumin haka. Magudanan ruwan unguwannin da ke kewaye suka bi, suna kwashe ledar fiya wata, robobin lemo da takunkuman da aka zubar. Robobin a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin a sayi ƙanƙara da ƙosai na buɗa-baki. Waɗancan yara biyu na cikin waɗanda ba su taɓa fashi ba.

Da ruwan Yuni ya sauko muka gane amfanin abin. Ruwan da kwata ta kwasa fadama yake nufa. In kwatar ta toshe, ɗakunanmu na katako yake fara shiga, in kuma ta wuce da leda, dabbobin dajin ke kwana a ciki. Ashe mu da su jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ranar 7 ga Agusta aka buɗe masallatai a Legas, kowa ya koma neman na kansa, aikin gayyar ya yi sanyi. Wannan laifinmu ne, ba na kowa ba.

Tarihin gandun zai ambaci waɗanda suka kafa shi, kuma sun cancanta. Mu dai mun rubuta wannan ne don 'ya'yanmu su san cewa a shekarar da yunwa ta matsa, iyayensu sun ajiye adda sun ɗauki shebur. Kafin damina mai zuwa muna so a farfaɗo da aikin. Mai niyya ya ba da sunansa ga shugaban matasan unguwarsu. Wanda kuma Allah ya hore masa kuɗin shiga, ya kai iyalinsa su ga dajin da idonsu.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan annoba. Amin.

Sakatare, a madadin ƙungiya.