Tarihi a Cikin Tukunya: Asalin Ganyen Miya da Kayan Yajin Hausawa

Gabatarwa

Idan ana zancen tarihin ƙasar Hausa, hankali yakan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwoyin birane. Ba kasafai ake waiwayar madafa ba, alhali kuwa tukunyar miya ma tana da nata kundin. Duk ganye ko yajin da uwargida ta jefa a cikinta yana da asalinsa, da hanyar da ya biyo, da mutanen da suka ɗauko shi. Wannan muƙala za ta bi sawun waɗannan tsirrai kashi uku: waɗanda aka tarar a gida, da waɗanda ayari ya kawo, da waɗanda suka ƙetaro teku. Daga nan za ta nuna cewa tsawon ɗaruruwan shekaru baƙon tsiro yakan shigo ne ya zauna tare da ɗan gida, kuma sai a zamaninmu wannan zaman lafiya ya fara girgiza.

'Yan gida

Uwar ganyayen miya a ƙasar Hausa ita ce kuka. Ana tsinke ganyenta a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe, a ajiye garin ya kai wata damina bai lalace ba. Matafiyin nan na Maroko, Ibn Baɗɗuɗa, ya ratsa ƙasar Mali a shekarar 1352, ya kuma ba da labarin wasu manyan itatuwa masu kogo da ke tara ruwan sama, har ya ga wani masaƙi ya kafa masaƙarsa a cikin ɗaya daga cikinsu. Masana sun fahimci kuka yake nufi. Haka nan Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu al-Kanemi ya kafa a Barno a 1814, daga wannan itaciya sunansa ya samo asali.

Ta biyu ita ce ɗorawa, wadda daga kalwarta ake yin daddawa. Aikin daddawa ilimi ne mai zaman kansa. Ana dafa kalwa na tsawon sa'o'i har ɓawonta ya yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa yadda ake so, kafin a kirɓa a mulmula a shanya. Mata ne suka riƙe wannan sana'a, uwa ta koya wa 'ya. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, da Heinrich Barth, wanda ya iso a 1851, duk sun ambaci daddawa a cikin labarin tafiyarsu. A 1826 wani masanin tsirrai na Birtaniya, Robert Brown, ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park, wanda ya halaka a Busa. Sunan matafiyi ya shiga littafi, sunayen matan da suka gano dabarar sarrafa kalwa kuwa ba wanda ya rubuta.

Bayan waɗannan akwai yakuwa, tsiron da ba a zubar da komai nasa: ganyen ya shiga miya ko fate, furen ya zama zoɓo, 'ya'yan kuma a yi daddawar batso da su. Akwai rama, mai ba da ganyen kwaɗo da ɓawon tufka igiya. Akwai kuɓewa da lalo da karkashi, masu ba miya yauƙin da ke sa tuwon dawa ya wuce ba gardama. Kuɓewa ma ta yi tata tafiyar, domin ta ƙetara zuwa nahiyar Amurka a zamanin cinikin bayi, kuma har yau ana miyarta a kudancin Amurka da Burazil da tsibiran Karibiyan.

Baƙin ayari

Kashi na biyu ya shigo ne a bayan raƙumi da jaki. Harshe kansa shaida ne a nan. Kalmar albasa daga Larabci take, haka ma kanumfari, da na'a-na'a, da hulba, da kurkum. Asalin kanumfari tsibiran Maluku ne, a ƙasar Indonesiya ta yau. Kafin ɗan ƙullinsa ya iso Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sai ya ratsa Tekun Indiya, ya bi ta hannun 'yan kasuwar Larabawa zuwa Masar ko Tarabulus, sannan ya keta Sahara. Sai a ƙarni na 19, da aka kafa manyan gonakinsa a Zanzibar, ya fara yawaita a kasuwannin duniya. Citta mai yatsu ita ma 'yar Asiya ce, ga shi yau kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Kafanchan, ya zama cibiyar nomanta a Nijeriya.

Zogale, wanda kusan kowane gida a karkara ke kafa shi a shinge, asalinsa arewacin Indiya ne. Ɗaya daga cikin sunayensa, wato bagaruwar Makka, yana nuna cewa magabata sun danganta shi da gabas, hanyar da alhazai ke bi. Ya samu karɓuwa ne saboda sauƙin halinsa: a sari reshe a kafa, ya kama, ya jure fari, ya ba da ganyen da ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli ko a zuba a dambu.

Ba daga arewa da gabas kaɗai ayari ke zuwa ba. Daga kurmin kudu aka samo masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda su ne ke ba abinci zafi kafin a san barkono. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan tafi da kanwa da tufafi da gabu, wato busasshen lawashin albasa da aka daka aka mulmula. Ke nan albasar da ta shigo a matsayin baƙuwa ta zauna har ta zama hajar da Bahaushe ke fitarwa waje. Yau ma albasar Galmi a jihar Tawa ta Nijar da ta Aliero a jihar Kebbi suna cika kasuwannin Afirka ta Yamma. Ita kuwa citta mai 'ya'ya ta taɓa yin suna a Turai, inda ake kai ta ta Sahara, har daga baya Turawa suka riƙa kiran gaɓar tekun Laberiya ta yau da sunanta.

Baƙin teku

Kashi na uku shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki. Barkono da attarugu da tattasai da tumatir duk 'yan nahiyar Amurka ne. Babu ɗayansu da aka sani a Afirka ko Asiya ko Turai kafin tafiyar Kolumbus ta 1492. Jiragen ruwan Fotugal ne suka yaɗa barkono a gaɓar Afirka da Indiya a ƙarni na 16, daga gaɓa kuma ya yi ta shigowa cikin ƙasa daga kasuwa zuwa kasuwa. Wannan yana nufin cewa miyar da aka ci a fadar Sarki Yaji na Kano (1349 zuwa 1385), lokacin da Wangarawa suka iso, ba ta san barkono ba. Haka nan gyaɗa, wadda ake yin ƙuli-ƙulin kwaɗo da ita, ta wannan hanya ta zo.

Tumatir shi ne autan baƙi, sunansa ma ya nuna cewa a bakin Turawan Ingila aka ji shi. Bai mamaye tukunya ba sai da noman rani ya bunƙasa, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da filayen Kadawa da Kura. Daga nan jar miya ta samu gindin zama a birane, ta zama abokiyar shinkafa.

Abin lura shi ne yadda aka karɓi waɗannan baƙi. Barkono bai kori masoro da kimba ba, haɗa su aka yi a turmi ɗaya. Duk wanda ya duba yajin da ake daka wa mai jego zai ga citta da kanumfari na Asiya, da masoro da kimba na kurmin Afirka, da barkonon Amurka, an dake su wuri guda. Nahiyoyi uku ke nan a cikin cokali ɗaya.

Garka da lambu

Ina ake shuka waɗannan tsirrai? Bahaushe yana da wurare biyu. Akwai garka, ɗan fili da ake kewayewa a bayan gida ko gefen gari, inda ake shuka kuɓewa da yakuwa da rama da kabewa da damina. Akwai kuma lambu a fadama ko bakin rafi, inda ake ban ruwa da jigo da rani, a noma albasa da tafarnuwa da alayyahu. A cikin gida kuma, kusa da randa ko makwararar ruwa, ba a rasa tushen ɗoɗɗoya ko na'a-na'a ko zogale, abin da mace za ta miƙa hannu ta tsinka ba tare da ta aiki yaro kasuwa ba.

Birnin Kano kansa da lambunansa aka gina shi. Clapperton ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Hikimar a bayyane take: birnin da abokan gaba suka kewaye yana buƙatar abin da zai ci daga cikin ganuwarsa. Yawan sanin da ke tattare da wannan noma ya sa wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, John Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su littafi guda a 1916. Abin da ya rubuta kuwa daga bakin manoma da masu magani da 'yan kasuwa ya ji shi.

Ranar da miya ta ƙare

Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A tarihin wannan yanki sau da yawa tuwon ne kan ƙare, ganye ya riƙe rai. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da ita da sunan Ƙaƙalaba, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da ƙarancin abincin da ya auka wa Nijar a 2005, iyalai da yawa sun dogara ga tafasa da rama da zogale da garin ɗorawa kafin sabon hatsi ya nuna. Ko a shekarar da aka samu damina mai albarka, watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin kaka da kwaɗon ganye ake cike su. Sanin wane ganye ake ci, wane ake tafasawa a zubar da ruwansa, wane kuma ba a taɓawa, shi ne rumbu na biyu da kowace tsohuwa ke ɗauke da shi a ka.

Baƙon da bai yi halin na baya ba

A ƙarni na 20 wani sabon baƙo ya shigo, wanda ba a shuka shi. Kamfanin da Julius Maggi ya kafa a Suwizalan ya fitar da dunƙulen ɗanɗano a 1908, ya kuma haɗe da Nestlé a 1947. A rabin ƙarshe na ƙarnin, dunƙule iri-iri suka bazu har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Sauƙinsa ba abin musu ba ne, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba: baƙin da suka gabace shi zama suka yi tare da daddawa, shi kuwa a gidaje da yawa gurbinta ya gaje. Kuɗin da a da ke shiga hannun mai daddawa ta unguwa yanzu yana tafiya masana'anta. Ita kanta ɗorawa, wadda kan yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, ana sare ta don itace da gawayi fiye da yadda ake dasa ta.

A birane kuma gini ya cinye garka, siminti ya rufe tsakar gida. Dogaro ga kasuwa kaɗai yana da haɗarinsa, kuma an gani. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A 2023 wata cuta ta lalata citta mai yawa a kudancin Kaduna. A irin waɗannan lokuta gidan da ke da garin kuka da busasshiyar kuɓewa a ajiye, da zogale a bakin katanga, bai shiga halin da maƙwabcinsa ya shiga ba.

Kammalawa

Tarihin tukunyar Bahaushe tarihin karɓar baƙo ne ba tare da an saki na gida ba. Da wannan hali aka haɗa kuka da kanumfari da barkono har suka zama abinci guda, wanda yau ba mai tambayar asalin kowannensu. Babu mai cewa a koma zamanin jigo ko a haramta dunƙule. Abin da tarihin ke nunawa shi ne cewa ilimin ganye ya rayu ne saboda ana shukawa, ana tsinka, ana dafawa a gaban yara. Zoɓon da ake lodawa daga Jigawa zuwa Meziko, da garin zogale da na kuka da ake sayarwa da tsada a shagunan Turai, sun isa shaida cewa duniya ta san darajar abin da ke bayan gidanmu. Tsohon bokiti da ƙasa da taki sun ishi tushen na'a-na'a ko ɗoɗɗoya, reshe guda kuma ya ishi zogale. Yaron da ya tashi yana ganinsu zai san sunansu, wanda ya san sunan kuwa zai iya nemansu ranar da buƙata ta taso. Da tsohuwar zuma ake magani.