UFA: Kamfanin Silima da Yaƙi Ya Haifa

Kamfanin da za mu duba tarihinsa yau, watau UFA, shawarar soja ce mafarinsa. A cikin watan Yuli na 1917, Yaƙin Duniya na Farko yana tsananinsa, Janar Ludendorff ya rubuta wa ma'aikatar yaƙi cewa lalle Jamus ta riƙi silima makamin farfaganda. Gwamnati ta zuba jari a asirce tare da Deutsche Bank, aka kafa kamfanin a watan Disamba.

Yaƙi ya ƙare, kamfani ya ci gaba. A ɗakunan ɗaukar fim na Babelsberg, kusa da Balin, Fritz Lang ya shirya Metropolis, wanda ya fito a 1927. Fim ɗin ya lashe dukiya har kamfanin ya kusa durƙushewa, sai Alfred Hugenberg, attajirin jaridu mai tsattsauran kishin Jamusanci, ya saye shi. A ganina, daga nan ɓarna ta soma. Da Hitler ya hau mulki a 1933 bai sha wahalar lanƙwasa UFA ba, domin tun a watan Maris shugabanninsa suka yanke shawarar sallamar ma'aikata Yahudawa. Zuwa 1937 gwamnatin Nazi ta mallake shi.

Bayan 1945 Babelsberg ya faɗa yankin Rasha, kamfanin DEFA ya gaje shi. UFA kuwa Bertelsmann ya saya a 1964, ya karkata ga talabijin. Tun 1992 ake nuna wasan kwaikwayonsa Gute Zeiten, schlechte Zeiten.