Tuƙi a Lokacin Hunturu: Yadda Ake Karanta Taya da Kula da Mota

Jama'ar El Alhasan Mairairai da kewaye, da ƴan'uwanmu da ke ci-rani: Mun taɓo maganar taya da hazo a shirinmu, sai aka yi ta kira ana cewa lambobin sun yi yawa, kunne ba ya riƙe su. Shi ya sa muka rubuta su nan, domin mai buƙata ya dawo ya duba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Wanga lokaci kuma shi ne na kasuwa. An gama girbi, motoci na kwasar gero da wake da riɗi zuwa Tasawa da Mayayi da Maraɗi, samari na hawa mota zuwa ci-rani. Ga lodi ya yi yawa, ga hanya ba a gani sosai.

A cikin hazo, a kunna ƙaramar wuta, wadda direbobi ke ce wa kod, ko da rana tsaka ne. Babbar wuta bugun ƙura take ta dawo wa direba a ido. A rage gudu yadda za a iya tsayawa cikin iyakar abin da ido ke gani. Kar a wuce mota cikin ƙurar da ta tayar a hanyar jan ƙasa, domin ba ka san abin da ke tahowa ba: amalanken shanu ce ko ɗan kabu-kabu ko garken awaki. In hazo ya rufe gaba ɗaya, a sauka daga kan kwalta sosai kafin a tsaya, a kunna wutar gargaɗi. Wannan ya fi shafar masu bin babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, daga Maraɗi ta Agiye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram, inda manyan kamiyo ke wucewa dare da rana.

To, sai taya, kuma nan za mu daɗe.

Kowace taya tana ɗauke da takardar haihuwarta a gefenta. A nemi inda aka rubuta DOT, a bi haruffan har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In aka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. In ba a gani a gefe ɗaya ba, a juya ɗaya gefen. Wadda lambobinta uku ne kawai, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko kyauta aka ba ka kar ka sa. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, rana da zafi suna busar da ita. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya dubawa kowace shekara in ta cika shekara 5, a cire ta in ta kai 10 ko da zanenta da kyau. A zafin ƙasarmu, mu dai ba mu ga dalilin jiran goman ba.

Sai manyan lambobi, misali 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin taya ne da milimita, 15 kuma girman janti da inci. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne na ƙarshe. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kilo 615. In 100 ce, kilo 800. In 106 ce, kilo 950. Harafin kuma iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Gudun nan bai dame mu ba, wa zai yi shi a hanyar Mayayi? Nauyin ne abin lura. Lissafin ya haɗa da nauyin motar kanta, kuma buhuna a kan tayoyin baya suke zama, ba a raba su daidai tsakanin huɗun. Motar haya irin Hiyas da motocin lodi suna buƙatar taya mai harafin C bayan girman janti, kamar 195 R15C, ko mai LT. Sa wa Hiyas tayar ƙaramar mota don ta fi araha shi ne mafarin fashewa.

A jikin tayoyi da yawa akwai kalmomi uku na ma'aunin hukumar Amurka. TREADWEAR yana nuna jimirin zanen: mai 400 ana sa ran ta ninka mai 200 daɗewa a filin gwaji, amma kowane kamfani ne ke gwada tasa, don haka kwatancen ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. TRACTION riƙon jiƙaƙƙiyar hanya ne in an taka birki, daga AA, A, B zuwa C. TEMPERATURE jure zafi ne, A ce gaba, sai B, sai C. Wannan na ukun shi ne namu. Tayar da aka saya a Disamba ita ce za ta taka kwalta a Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A nemi A, in babu a ɗauki B.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da tayoyin okaziyo da ke zuwa daga Turai. Wasu za ka ga zanensu zurfi, da ƙananan tsagogi birjik, farashi kuma da sauƙi. Duba gefe. In akwai hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a cikinsa, tayar sanyin Turai ce, an yi robarta da laushi don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Hunturunmu ba wannan ba ne: asuba a sha sanyi, azahar ta yi a nemi inuwa. A kan kwaltarmu irin wannan taya saurin cinyewa take, birkinta kuma ya fi tsawo. Ƴan'uwa da ke can ƙasashen ƙanƙara, ku naku daban ne: a yankunan duwatsu na Faransa doka ta tilasta tayar sanyi ko sarƙa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a lardin Kebek na Kanada kuma tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. In kuma kuɗin taya kuka aiko gida, ku ce a ɗauko muku hoton lambar DOT ta WhatsApp kafin a biya.

Zurfin zane kar ya gaza milimita 1.6. Cikin ramukan zanen akwai ƴan tudu. In zane ya yi daidai da su, taya ta suɗe. Wadda ta yi ƙulu a gefe ko ta tsattsage, mai faci ba shi da maganinta.

Iska kuwa da safe ake auna ta, kafin mota ta yi tafiya. Sanyi yana rage ta kamar bar 0.1 a kowane digiri 10. Adadin da ya dace yana rubuce a bakin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Wanda ke jikin taya iyaka ce kawai. A rairayinmu, wanda sunan garin ma ya ɗauko, direbobi kan rage iska don kar mota ta kafe, kuma dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne a hau kwalta a haka da lodi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, ta yi zafi, ta fashe. Da an fito rairayi a tsaya wurin mai faci, a duba safaya ma tare.

Sauran gyaran gajere ne. Ƙura tana toshe filtar iska, mota ta rasa ƙarfi ta yi ta shan mai. A riƙa ciro ta ana kaɗewa, ta takarda ba a wanke ta da ruwa, in ta yi baƙi a sake. Kar a jinkirta bidanji a wannan lokaci. Batirin da ya raunana da sanyin asuba yake tona kansa, a goge kawunansa a ɗaure. Mai motar gazuwal ya jira wutar ɗumama inji ta mutu kafin ya murza makulli. Ruwan rijiya yana barin gasari cikin lagireto, kuma ba a buɗe murfinsa inji na da zafi. Gilashi in ya yi ƙura, a zuba ruwa kafin a kunna magogi, in ba haka ba yashi zai karce shi, dare ya yi wutar mai tahowa ta watsu a ido.

Masu moto, lambar DOT tana jikin tayarku ku ma. Rawani yana tare ƙura da sanyi amma ba ya tare kai, a sa hular kwano a kansa, a gyara wutar baya. Masu amalanke da ke dawowa daga kasuwa bayan magariba, ku liƙa wani abu mai ƙyalli a bayanta, ko a ba yaron da ke baya tocila ya riƙe.