Nonon Tunkiya: Daga Girka Zuwa Kasuwar Artisan

Bayan gano kwal a Inugu a 1909 da zuwan jirgin ƙasa, fatakenmu suka ƙara gangarowa Kudu da bisashe. Ragunan Kasuwar Artisan gadon wannan fatauci ne. Sai dai nama muka sani a jikin tunkiya, ba kasafai muke tatsar ta ba. Girkawa kuwa da nononta suke yin cukunsu, Feta, su adana shi cikin ruwan gishiri. A 2002 Tarayyar Turai ta keɓe musu wannan suna. Mu ma muna da cuku, wanda Buzaye da Fulanin Nijar ke shanyawa a rana domin guzuri. Muddin ba mu rubuta tarihinsa ba, jikokinmu za su san na Girkawa, su jahilci namu.