Tiyosayanet

Tiyosayanet sinadari ne da ya ƙunshi ƙwayar zarra ɗaya ta salfa (farar wuta), ɗaya ta kabon, da ɗaya ta naitirojin. Alamarsa a kimiyyar sinadarai ita ce SCN⁻. Yana haɗuwa da wasu sinadaran ya samar da gishiri iri-iri, kamar na fotasiyam (KSCN), na sodiyam (NaSCN) da na amoniyam (NH₄SCN). Dukansu fararen ƙwayoyi ne masu saurin narkewa a ruwa. Ana sarrafa shi a masana'antu, kuma jikin ɗan Adam ma yana samar da shi.

Siffofi

Idan tiyosayanet ya gamu da narkakken sinadarin ƙarfe (Fe³⁺), ruwan yakan koma ja kamar jini. Saboda wannan launi ne a da ake kiransa rodanayid, daga kalmar Girkanci mai nufin furen wardi. Yana iya kama ƙarfe ta ɓangaren salfa ko ta ɓangaren naitirojin, kuma halayensa sun yi kama da na kulorayid da na aidin.

Amfani

A ɗakin gwaje-gwaje, ana amfani da jan launin wajen gano ƙarfe a cikin ruwa. A shekarar 1874, Bajamushe Jacob Volhard ya fito da hanyar auna yawan azurfa da shi, wadda har yau ake koyarwa a jami'o'i. Masana'antu na amfani da shi wajen yin zaren akirilik da maganin ciyawa. Wani nau'insa, gishirin guwanidiniyam, yana cikin abubuwan da ake ware RNA da su a gwajin cututtuka irin su korona. A farkon ƙarni na 20 an yi maganin hawan jini da shi, daga baya aka daina saboda illolinsa.

A jikin ɗan Adam

Akwai tiyosayanet a cikin miyau da nono, inda yake taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Haka kuma, shi ne hanyar da jiki ke rabuwa da gubar sayanayid. Hanta tana haɗa gubar da salfa, ta mayar da ita tiyosayanet wanda bai kai ta haɗari ba, sannan ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Salfar da ake buƙata daga abinci mai gina jiki take zuwa, kamar wake, kifi, ƙwai da nama. Masu shan taba suna da shi a jini fiye da waɗanda ba sa sha.

Rogo da dawa

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. A kasuwar Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a jihar Kano, garin kwaki da alabo na cikin kayan abincin da ake cinikinsu tare da hatsi. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da linamarin, wanda ke sakin sayanayid idan an gurza ko an tauna shi. Ferewa, jiƙawa na kwanaki, matsewa, shanyawa da suya suna fitar da mafi yawan gubar. Ma'aunin ƙasa da ƙasa bai yarda ta wuce miligiram 10 a kowane kilo na garin rogo ba. Ɗanyen gyauron dawa ma yana da irin wannan guba, shi ya sa yake iya kashe dabbar da ta ci shi.

Illa

Idan tiyosayanet ya yi yawa a jini, yakan hana ƙululun tayirod da ke wuya ɗaukar aidin. Inda abinci ba shi da isasshen aidin, hakan na jawo maƙoƙo, kuma yana iya tauye bunƙasar ƙwaƙwalwar jariri. A shekarun 1960, Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya nuna cewa masu wata cutar jijiyoyi da suka dogara da rogo a kudu maso yammacin Nijeriya suna da tiyosayanet mai yawa a jininsu. Gwajin fitsari na nuna yawan gubar da mutum ya ci. Rigakafin shi ne gyara rogo yadda ya kamata, haɗa shi da abinci mai gina jiki, da amfani da gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun shekarun 1990.