Ranar Lahadi a Ikkilisiyar Roma a Zamanin Jastin Mai Shahada

Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korintiyawa 16:2 sun nuna mana cewa tun zamanin manzanni masu bi suna taruwa a ranar farko ta mako. Amma Sabon Alkawari bai tsara mana yadda taron yake gudana daga farko zuwa ƙarshe ba. Bayani mafi daɗewa da ya ba da wannan tsari dalla-dalla ya fito ne daga hannun Jastin, wani malamin ikkilisiya a birnin Roma, wajen shekara ta 155 bayan haihuwar Almasihu. A cikinsa za mu ga cewa a wurin waɗannan 'yan'uwa, yi wa Allah sujada da kula da mabukata hidima guda ce, a zama ɗaya ake yinta.

Jastin da taronsa

An haifi Jastin wajen shekara ta 100 a ƙasar Samariya, a garin da yau ake kira Nablus. Shi ba Bayahude ba ne. Ya bi makarantun falsafar Helenawa ɗaya bayan ɗaya kafin ya karɓi Almasihu, daga baya ya zauna a Roma yana koyarwa. A lokacin ikkilisiya ba ta da ginin majami'a a birnin. Masu bi sukan taru ƙungiya-ƙungiya a gidaje, kamar yadda aka yi a gidan Bilkisu da Akila kimanin shekara 100 kafin nan (Romawa 16:3-5). Jastin kansa yana zaune ne a saman wani gidan wanka, duk mai son jin Maganar Allah yakan same shi a can. Da Helenanci ake sujada, gama da yawa daga cikin masu bi baƙi ne daga gabas.

Tun da taron ba a fili ake yinsa ba, sai jita-jita ta yi yawa. Aka ce Kirista suna cin naman mutum, suna aikata lalata a ɓoye, kuma ba su da allah tun da sun ƙi gumakan gari. Amsa sunan Kirista kawai ya isa a kashe mutum. Wannan ya sa Jastin ya rubuta wa Kaisar Antoniyus Piyus takardar kāre bangaskiya, ya bayyana masa abin da ake yi a taron.

Tsarin sujada

Jastin ya ce ranar Lahadi 'yan'uwa na cikin birni da na ƙauye sukan hallara wuri ɗaya. Sun zaɓi ranar ne domin a cikinta Allah ya fara halitta, a cikinta kuma Yesu ya tashi daga matattu. Mu tuna cewa Lahadi ranar aiki ce a lokacin. Sai a shekara ta 321 Kaisar Kostantin ya mai da ita ranar hutu. Saboda haka bawa ko ɗan ƙwadago sai ya ƙwaci lokacin sujada daga barcinsa. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya ba Kaisar Tarajan rahoto cewa Kiristan lardinsa sukan taru kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa allah.

A taron da Jastin ya kwatanta, ana farawa da karatu daga rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa, gwargwadon yadda lokaci ya ba da dama. Mai karatu ya gama, sai shugaba ya yi gargaɗi a bi abin da aka ji. Daga nan kowa ya miƙe a yi addu'a tare. Sai a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya ga Allah iyakar iyawarsa, jama'a su amsa da Amin. Wanda ya ba da gaskiya, ya yi baftisma, yana kuma zaman da Almasihu ya koyar, shi kaɗai ke cin Jibin Ubangiji.

Bayan an raba wa waɗanda suke wurin, masu hidima sukan ɗauki rabon waɗanda ba su samu zuwa ba su kai musu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A wannan ikkilisiya rashin zuwa bai cire mutum daga teburin Ubangiji ba. Kafin a kai masa rabonsa kuwa, dole ne wani ya lura ba ya nan, ya kuma san inda yake.

Inda baiko yake zuwa

Game da baiko, Jastin ya ce masu hali da suke da niyya sukan bayar, kowa gwargwadon abin da ya ga dama. Ana ajiye abin da aka tara a hannun shugaba, shi kuma ya taimaki marayu, gwauraye, marasa lafiya, waɗanda suke cikin rashi, 'yan kurkuku, da baƙin da suka sauka a cikinsu. Wato wanda ya yi wa'azi, ya kuma yi godiya a kan gurasa, shi ne majiɓincin mabukata.

Kada mu ɗauka zamanin ba shi da aibi. Wani littafi mai suna Makiyayi, wanda Hermas ya rubuta a Roma a wannan ƙarni, ya tsauta wa masu hidima da suka cinye abin gwauraye da marayu suka azurta kansu. Duk da haka ikkilisiya ba ta bar aikin ba, ƙara tsara shi ta yi. A shekara ta 251 Karniliyas, bishof na Roma, ya rubuta cewa ikkilisiyar tana da dattawa 46 da masu hidima 7, tana kuma ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Ba za a iya faɗin wannan adadi ba sai da lissafi da sanin mutane.

Wajen shekara ta 165, a mulkin Markus Aureliyus, aka gurfanar da Jastin da 'yan'uwa shida gaban Rustikus, hakimin birnin. Cikin tambayoyin da ya yi musu har da inda suke taruwa. Suka ƙi miƙa wa gumaka hadaya, aka yi musu bulala, aka fille kawunansu.

Abin lura ga mai hidima

Ba a kira mu mu koma sujada a ɗakin haya ba. Ikkilisiya ta yau tana da gini, da albashin ma'aikata, da kuɗin da take aikawa gunduma, dukansu kuwa bukatu ne na gaskiya. Haɗarin shi ne su cinye baiko duka, a bar wa Zumuntar Mata kaɗai ɗawainiyar gwauraye da marasa lafiya, kamar wani aiki ne dabam da sujada. Fasto da dattawa su ne za su amsa wannan a gaban Allah.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ikkilisiyarka, wa ke lura da wanda ya yi Lahadi uku bai zo ba? Wa ke zuwa wurinsa?
2. Yaushe aka kai wa tsoho ko majinyaci Jibin Ubangiji a gida?
3. Daga baikon watan jiya, nawa ya isa hannun marayu da gwauraye? Wa ya duba lissafin?